Kazar Gida da Ta Daina Cin Abinci: Dalilai da Hanyoyin Taimaka Mata

Lafiyayyar kaza ba ta zama wuri ɗaya. Daga fitowarta akurki da asuba har komawarta da magariba, tana cikin tone-tone, tana tsintar ƙwayar hatsi, ƙwari da ɗanyen haki. Saboda haka idan aka watsa tsaki sauran kaji suka rugo, ita kuwa ta tsaya gefe ta takure, ko ta sari ƙwaya biyu ta juya baya, to akwai abin da ke damunta. Rashin cin abinci alama ce da matsaloli da yawa suke tarayya a kanta, daga kwanci da zafin rana har zuwa annobar da kan share kajin unguwa. Taimakon da zai yi amfani yana farawa ne da gano dalili, sannan a tallafa wa jikin kazar da ruwa da abinci mai laushi har ta farfaɗo. Jinkiri yana da tsada a nan, domin kaza kan ɓoye ciwonta don kada 'yan uwanta su tsangwame ta, kuma kafin mai ita ya lura sau da yawa ta kwana biyu ko uku tana fama.

Ma'aunin ci da sha

Kafin a ce kaza ta rage ci, sai an san abin da ta saba ci. Kazar gidan gona mai yin ƙwai, irin ShikaBrown da cibiyar NAPRI da ke Shika kusa da Zariya ta samar, takan ci giram 100 zuwa 120 na haɗaɗɗen abinci a yini. Kazar Hausa, wadda nauyinta bai cika wuce kilo ɗaya da rabi ba, tana cin ƙasa da haka, kuma mafi yawansa a kiwo take samu. Ruwan da kaza ke sha ya kai kusan ninki biyu na nauyin abincinta, wato kusan rubu'in lita a yini, lokacin bazara kuwa ya fi haka sosai. Ci da sha a haɗe suke: kazar da ta rasa ruwa takan daina ci cikin sa'o'i kaɗan, ko da abinci na gabanta.

Zafin jikin kaza yana kusan digiri 41 a ma'aunin Salshiyas, kuma jikinta na ƙona abinci da sauri. Ba ta da haƙora. Abin da ta haɗiya yakan fara taruwa a wata 'yar jaka da ke gindin wuyanta ta ɓangaren dama, ya jiƙa a can, sannan ya gangara ciki har ƙundu, inda ƙananan tsakuwoyin da take tsinta suke niƙa shi. Wannan jakar ita ce mafi sauƙin shaida ga mai kiwo. Da yamma ya kamata a taɓa ta a ji ta cike, da asuba kafin kaza ta ci komai ya kamata ta zama fayau. Jakar da babu komai a cikinta da magariba tana nuna kazar ba ta ci ba. Wadda ta kwana a cike tana nuna abincin bai wuce ba.

Duba kaza daga baki zuwa ƙafa

Ana fara dubawa daga nesa: yadda take tsayuwa, ko fikafikanta sun zube, ko gashinta ya tashi, ko tana lumshe ido da rana tsaka, ko tana ɗingishi. Sannan a kama ta a hankali, a haɗa fikafikanta da jikinta. A shafa ƙashin ƙirji. Idan akwai tsoka a gefe da gefensa, matsalar sabuwa ce. Idan ƙashin ya fito da kaifi, ta daɗe tana ramewa a ƙarƙashin gashi ba a sani ba. A dubi zankonta: ja mai sheƙi shi ne na lafiya, wanda ya koɗe yana nuna ƙarancin jini, wanda ya yi baƙi-baƙi ko shuɗi yana nuna cuta mai tsanani. A buɗe baki a duba ko akwai gyambo, ko wani abu rawaya da ya manne a harshe da ganɗa, ko zare da ya naɗe gindin harshe. A duba hanci da idanu, a saurari numfashi, a ɗaga fikafikai a buɗa gashin gindin wutsiya ko za a ga ƙwari.

Kashin kaza ma yana ba da labari. Idan aka kwantar da ita a kan takarda ko tsohon buhu, da safe za a ga abin da ta yi. Na lafiya yana da ɗan ƙarfi, da fari a samansa. Kore mai ruwa-ruwa yakan fito daga kazar da cikinta ba abinci, yakan kuma zo tare da manyan cututtuka. Mai jini yana nuna ciwon hanji. Wani lokaci ana ganin tsutsa a ciki da ido.

Dalilan da ba na cuta ba

Mafi yawan abin da ke rikita sabon mai kiwo shi ne kwanci. Kazar da ke kwanci takan shafe kwana 21 a kan ƙwai, tana sauka sau ɗaya ko biyu a yini ta ci ta sha, ta yi kashi mai yawa, ta koma. Tana kumbura gashi tana sara idan an matso. Wannan ɗabi'a ce, kuma abin da take bukata shi ne a ajiye mata ruwa da hatsi kusa, a kuma tabbatar ba ƙwari a makwancinta, domin mai kwanci ce suka fi yi wa ɓarna. Idan kwancin na banza ne, babu ƙwai a ƙarƙashinta, gara a raba ta da wurin na 'yan kwanaki, don kada ta rame ba riba.

Lokacin da kaza ke zubar da tsohon gashi tana fitar da sabo, takan daina ƙwai, ta rage ci, ta ƙi a taɓa ta. Gashi kusan dukkansa furotin ne, don haka abin da ya dace da ita a lokacin shi ne ƙarin gara, fara ko garin kifi.

Zafi shi ne babban dalili a ƙasar Hausa. Kaza ta fi jin daɗi tsakanin digiri 18 zuwa 24, ba ta kuma yin gumi. Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato, Maraɗi ko Damagaram kan haura digiri 40, za a ga kaji sun buɗe baki suna haki, sun saki fikafikai, sun ƙi abinci, saboda narkar da abinci kansa yana ƙara wa jiki zafi. Maganin wannan shi ne a mayar da ciyarwa zuwa sanyin asuba da bayan la'asar, a samar da inuwa da iska, a riƙa sauya ruwa daga randa sau biyu ko uku a yini. Kaza ba ta son ruwan da ya yi zafi a rana, kuma kaskon ƙasa ya fi kwanon ƙarfe riƙe sanyi.

Akwai kuma tsangwama. Kaji suna da manya da ƙanana a tsakaninsu, kuma wadda ke ƙasa, ko baƙuwar da aka sayo daga kasuwa, takan sha sara duk lokacin da ta nufi abinci har ta haƙura. Gwajin wannan mai sauƙi ne: a ware ta a ba ta ita kaɗai. Idan ta ci da zafin nama, yunwa ce da tsoro, kuma sai a ƙara wuraren zuba abinci nesa da juna.

Abincin kansa na iya zama dalili. Kaza ta fi son ƙwaya da ɓarzajjen hatsi a kan gari mai laushi, kuma canjin abinci farat ɗaya kan sa ta ja baya, shi ya sa ake gauraya sabo da tsoho na kusan mako guda. Mafi hatsari shi ne dusa, masara ko ƙuli-ƙulin da suka sha damshi suka yi funfuna. Irin wannan funfuna tana fitar da gubar afalatoksin mai lalata hanta. An gano gubar ne bayan da talotalo fiye da dubu ɗari suka mutu a Ingila a 1960 saboda cin gurɓataccen garin gyaɗa. Dafawa ba ta kashe ta, don haka hatsin da mutum ya ƙi ci saboda ruɓewa bai dace a zuba wa kaji ba.

Dalilan da ke cikin jiki

Toshewar jakar wuya takan faru idan kaza ta haɗiyi doguwar busasshiyar ciyawa, leda, zare ko gashin kitso. Da safe za a ji jakar da tauri. Idan toshewar ba ta yi nisa ba, ana dakatar da hatsi na yini guda, a bar mata ruwa, a ɗiga mata ɗan man gyaɗa, a riƙa murza jakar a hankali sau uku ko huɗu a yini. Idan kuwa jakar ta cika da ruwa, baki na warin tsami, abincin ya ruɓe ne a ciki. Kifa kaza kai ƙasa don a matse ruwan yana da hatsari, domin yakan shiga huhu ya shaƙe ta. Jakar da ta kwana biyu ba ta sauka ba aikin likitan dabbobi ce.

Tsutsar ciki ta zama ruwan dare ga kajin da ke kiwo a sake, musamman da damina. Kazar kan rame a hankali, zankonta ya koɗe, ƙwai ya ragu. Ƙwarƙwata tana zaune a jikin kaza dare da rana. Wasu ƙananan ƙwari masu shan jini da kaskar kaji kuwa suna ɓuya a tsagar bangon akurki da rana, su fito da dare, don haka sai an haska fitila bayan isha'i ake ganinsu. Kazar da ta fara ƙin shiga akurki da yamma sau da yawa su take gudu. Kashin jini, wanda likitoci ke kira koksidiyosis, ya fi kama 'yan tsaki da matasan kaji a wuri mai damshi.

Maƙalewar ƙwai tana da nata alamu: kaza na yawan shiga wurin ƙwai tana yunƙuri ba ta yi, tana tafiya a tsaye wutsiya ƙasa. Ƙarancin kalsiyam yana cikin manyan dalilansa. Zaunar da bayanta cikin ruwan ɗumi na kusan minti 15, a shafa mai a dubura, a ajiye ta wuri mai duhu, yakan taimaka. Ba a matsa ciki, don ƙwan da ya fashe a ciki ya fi wanda ya maƙale illa. Guba kuma tana zuwa kwatsam: maganin ɓera, irin shuka da aka yi wa magani, takin zamani, ko tsutsotsin mushe, waɗanda kan sa wuyan kaza ya saki ta kasa ɗaga kai.

Cututtuka masu yaɗuwa

Idan kaza fiye da ɗaya suka daina ci a lokaci guda, magana ta wuce jinyar kaza ɗaya. Cutar Niyukasil, wadda aka fara ganowa a 1926, ita ce ta fi kashe kajin ƙauye a Afirka, kuma a arewacin Nijeriya ta fi tsanani da hunturu. Alamunta sun haɗa da koren zawo, wahalar numfashi, shanyewar ƙafa ko fiffike, da murɗewar wuya. Murar tsuntsaye mai tsanani, wadda aka tabbatar da ɓullarta a jihar Kaduna a watan Fabrairun 2006, sannan a Magarya ta Jamhuriyar Nijar a cikin wannan watan, tana kashe kaji da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, zanko ya yi shuɗi, fuska ta kumbura, kuma tana iya kama mutum. Ƙurajen kaji, waɗanda sauro ke yaɗawa, suna fitowa a zanko da fatar ido, wani lokaci a cikin baki har su hana haɗiya. Akwai kuma murar da ke kumbura fuska ta manne idanu, kazar ta kasa ganin abincin da ke gabanta.

Al'adar yanka kaza da zarar ta fara layi, ko garzayawa da ita kasuwa, ita ce babbar hanyar da annoba ke bi daga gida zuwa gida. Inda kaji ke mutuwa a jere, abin da ya kamata shi ne a sanar da ofishin likitan dabbobi mafi kusa, a binne matattun a rami mai zurfi ko a ƙone su, a hana yara taɓa su, a wanke hannu da sabulu.

Jinya: wuri, ruwa, sannan abinci

Ko mene ne dalili, matakin farko shi ne keɓewa. A sa kazar cikin kwando ko kwali mai shimfiɗar busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa, a wuri mai iska da inuwa, da hunturu kuma a rufe gefe don sanyi. Kaza da ido take ci, ba ta ci a duhu, saboda haka wurin ya zama da haske da rana. Idan an tabbatar matsalar ba mai yaɗuwa ba ce, yana da kyau ta riƙa hango 'yan uwanta, domin ganin wata na ci yana tayar mata da sha'awa.

Ruwa yana gaba da abinci. Kaza na iya jure kwanaki ba ci, amma rashin ruwa kan kayar da ita da wuri, musamman da zafi ko zawo. Ana iya zuba ɗan sukari ko gulukos a ruwan na yini ɗaya ko biyu, ko garin bitamin da ake sayarwa a shagon magungunan dabbobi bisa ma'aunin da ke jikin takardarsa. Gishiri mai yawa guba ne ga kaza. Idan ba ta sha da kanta, a tsoma bakinta cikin ruwan ba tare da hanci ya nutse ba, a sake ta ta ɗaga kai ta haɗiye. Idan hakan ya gagara, a ɗiga ruwa da cokali ko sirinji marar allura a gefen baki, ɗigo-ɗigo, ana jira ta haɗiye. Ƙofar numfashinta tana tsakiyar baki a gindin harshe, don haka ɗura ruwa da yawa a lokaci guda yana iya kashe kazar da cutar ba za ta kashe ba.

Bayan ta sha sai a gabatar da abinci mai laushi. Mafi sauƙi shi ne abincin da ta saba, a jiƙa shi da ruwan ɗumi ya yi kamar fate. Dafaffen ƙwai da aka marmasa yana da furotin mai sauƙin narkewa, kuma kaji na sonsa. Kunun gero mai kauri marar yaji, tuwon da aka jiƙa, dafaffiyar shinkafa da yankakken ganyen zogale ko alayyafo duk suna amfani. Abu mai motsi ya fi komai jan hankalin kaza: gara, fara ko tana sukan sa wadda ta ƙi hatsi ta kai baki. Ƙwanƙwasa kwanon da yatsa, kamar yadda uwa ke nuna wa 'yan tsakinta, shi ma yana taimakawa. A ba da kaɗan-kaɗan, cokali ɗaya ko biyu, sau huɗu ko biyar a yini, a kwashe ragowar bayan sa'a biyu domin jiƙaƙƙen abinci na saurin tsami. Idan ta ƙi, ana iya mulmula 'yar ƙaramar loma kamar ƙwayar wake a sa mata a gaban baki ta haɗiye da kanta. Ba a yin haka ga kazar da ba ta iya ɗaga kai, ko wadda jakar wuyanta ke cike.

Magani da iyakarsa

Magani yana aiki ne idan ya dace da ciwon. Fiferazin yana kashe dogayen tsutsotsin hanji, amma ba ya taɓa masu faɗi, shi ya sa likita kan zaɓi wani kamar fenbendazol idan ya ga dalili. Amfuroliyam na kashin jini ne. Ƙwarin jiki suna bukatar hodar da aka yi domin kaji, tare da share akurki, ƙona tsohuwar shimfiɗa, liƙe tsagogin bango, da maimaitawa bayan mako guda ko kwana goma don a sami waɗanda suka ƙyanƙyashe daga baya. Fiya-fiya da maganin feshin gona ba na jikin kaza ba ne.

Buɗe kafson tetirasakilin na mutane a zuba a ruwan kaji abu ne da ya yaɗu, amma irin wannan magani ba ya kashe ƙwayar Niyukasil, murar tsuntsaye ko ƙuraje, kuma yawan amfani da shi ba bisa ƙa'ida ba yana sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani. Duk kazar da aka ba magani akwai kwanakin da ba a cin ƙwanta da namanta, kuma suna rubuce a jikin takardar maganin. Jiƙon ɓawon maɗaci, barkono da tafarnuwa da ake sa wa kaji a ruwa ba sa maye gurbin rigakafi, kuma idan ɗacinsu ya yi yawa sukan sa marar lafiyar ta ƙi shan ruwan da ta fi bukata. Idan an yi kwana biyu ana jinya babu sauƙi, ko numfashi ya yi wuya, ko kashi na fita da jini, lokacin neman likita ya yi.

Komawa cikakken abinci da kariya

Alamar samun sauƙi ita ce kaza ta fara gyara gashinta, jakar wuyanta na cika da yamma tana sauka da safe, kashinta ya koma daidai. Sai a riƙa rage jiƙaƙƙen abinci ana ƙara busasshe cikin kwana uku zuwa biyar, a kuma mayar da ita cikin sauran da dare, lokacin da faɗa ya fi sauƙi.

Kaji da yawa suna raunana ne saboda dusa da hatsi kaɗai ake ba su. Mai yin ƙwai tana bukatar furotin kashi 16 zuwa 18 cikin ɗari na abincinta, da kalsiyam kusan giram 4 a yini, domin ɓawon ƙwai ɗaya yana ɗauke da kusan giram 2. Masara, dawa da gero suna ba da ƙarfi, amma furotin ɗinsu bai kai wannan ba. Ana cike gurbin da ƙuli-ƙuli marar gishiri da yaji, garin kifi, gara, ko waken suya da aka soya, domin ɗanyensa yana hana narkewar abinci. Kalsiyam yana samuwa daga ƙonannen ƙashi da aka daka, ko ɓawon ƙwai da aka gasa aka niƙa. Kazar da ke tsare tana bukatar a ajiye mata ƙananan tsakuwoyi da ɗanyen ganye, da wurin birgima mai yashi da toka don rage ƙwari.

Rigakafi shi ne abin da ke rage yawan faruwar matsalar tun daga tushe. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana samar da rigakafin Niyukasil, ciki har da nau'in I-2 mai jure zafi wanda ake ɗigawa a ido, kuma ya dace da kajin ƙauye. Ana maimaita shi duk wata uku zuwa huɗu, a kuma tabbatar an yi zagaye ɗaya kafin hunturu ya shigo. Lafiyayyun kaji kaɗai ake yi wa, domin ba ya warkar da wadda ta riga ta kamu. Sabuwar kaza daga kasuwa ko wadda aka kawo kyauta a ware ta mako biyu zuwa uku kafin ta shiga cikin na gida. A wanke kaskon ruwa kullum, a ajiye buhun abinci a kan katako nesa da damshi da ɓera, a kuma tsaya a kalli kaji lokacin da ake zuba musu abinci safe da yamma, domin a wannan lokacin ne ake gane wadda ta fara ja baya tun jinyarta tana da sauƙi.